Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Langa Fitilar Rataye a Ɗakin Girki

A yawancin gidajenmu ƙwan lantarki guda ɗaya ake maƙalawa a tsakiyar silin ko a jikin bangon ɗakin girki, sai ya zama duk lokacin da mai girki ta juya ta fuskanci teburin aiki, hasken yana bayanta, inuwarta kuma tana kan hannuwanta. A cikin wannan inuwa ake yanka albasa, a cikinta ake tsince shinkafa da wake, kuma a cikinta wuƙa take samun yatsa. Maganin wannan matsala shi ne a sauko da haske kusa da inda hannu yake aiki, a kuma sa masa abin da zai tattara shi ya mayar da shi ƙasa. Abin da zai yi wannan aiki yana nan ajiye a gidaje da yawa, wato tsofaffin kwanonin jere irin su langa da samira da fanteka, waɗanda iyayenmu mata suka ƙawata ɗakunansu da su kafin kwanonin silba da na roba da kuloli su ture su zuwa ƙarƙashin gado ko cikin sito.

Waɗannan kwanoni ƙarfe ne aka lulluɓe shi da garin gilashi, aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800, har gilashin ya narke ya manne da ƙarfen. Da farko daga ƙasashen waje ake shigo da su, daga baya a shekarun 1960 aka kafa masana'antun yin su a Legas da Kano, suka yawaita har ya zama da wuya a kai amarya ba tare da jerinsu ba. Farin da ke cikin langa yana mayar da haske sosai, zafin ƙwan fitila ba ya yi masa komai, maiƙo kuma ba ya shiga jikinsa, da an goge sai ya koma fes. Saboda haka ne ma fitilun masana'antu na da ake yi musu rumfa da irin wannan ƙarfe mai gilashi. Ke nan kwanon ya riga ya cika duk sharuɗɗan zama rumfar fitila tun daga masana'anta, abin da ya rage wa mai aiki shi ne ya yi huda guda ɗaya mai kyau, sannan ya tabbatar wuta ba ta da hanyar taɓa ƙarfen.

Kafin a ɗauki kwano, a nemi izinin mai shi. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, kuma langar da wani zai gani a matsayin tarkace tana iya zama abu na ƙarshe da ya rage wa tsohuwa daga kayan da mahaifiyarta ta yi mata. Idan mai kwanon ta rasu, ya zama kayan gado, sai a ji ta bakin magada. Huda ba ta toshuwa, don haka a faɗi gaskiyar abin da za a yi da shi tun farko. Wanda bai samu a gida ba yana iya dubawa wurin 'yan gwangwan da masu sayar da tsofaffin kaya a kasuwa, inda ake samun su da araha, musamman waɗanda murfinsu ya ɓata.

Wajen zaɓe, faɗi da zurfi sun fi zane muhimmanci. Langar da faɗin bakinta ya kai santimita 25 zuwa 35 ta dace da teburin aiki na ɗakin girki matsakaici. Zurfinta kuma ya kamata ya kai wajen santimita 15, domin mazaunin ƙwan, wanda masu sayar da kayan wuta suke kira holda, yana cin kusan santimita 6, ƙwan kansa kuma yana cin kusan 9 bayan an ɗaura shi. Idan kwanon bai kai wannan zurfi ba, ƙwan zai leƙo ƙasa da baki ya riƙa kashe wa mutum ido, sai dai a nemi ƙaramin ƙwai mai siffar ƙwallo. A ɗaga kwanon a duba cikinsa a rana. Idan bayansa ya ɓantare a wasu wurare babu laifi, domin wannan alamar shekaru ce kuma tana ƙara masa kyau, amma cikin ya kamata ya kasance fari ko ruwan madara, kuma tsakiyar gindin ya kasance da ƙarfinsa. Kwanon da tsatsa ta cinye gindinsa har ana hango haske ta ciki ba zai riƙe nauyin kansa ba, a bar shi.

Wanki ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi sun isa, tabon tsatsa kuma a shafa masa ruwan lemun tsami da gishiri, a bar shi na 'yan mintoci, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Kada a sa soson ƙarfe a cikin kwanon, domin yana dusashe ƙyallin da ake nema. Ina ganin kuskure ne a yi wa bayan langa sabon fenti, domin furannin ja da shuɗi da ke jikinta su ne dalilin da ya sa aka zaɓe ta, fenti kuma ba ya kama gilashi da kyau, cikin 'yan watanni zai fara saɓulewa.

Kayan wutar da za a saya ba su da yawa, amma a nan ne ba a son rowa. Ana buƙatar holda ta roba mai ƙarfi wadda ke jure zafi, mai ramin zare na milimita 10 a kanta, da matsewar waya ta roba mai irin wannan zaren, wadda za ta ratsa gindin kwanon ta shiga kan holdar ta ɗaure su tare. Ana buƙatar washa biyu na roba, da waya mai laushi mai riga biyu, wato kowane sili da rigarsa sannan babbar riga ta lulluɓe su gaba ɗaya, mai kaurin 0.75, wato lambar kaurin tagullar kowane sili da masu sayar da waya suke amfani da ita. A guji siririyar wayar nan mai sili biyu a murɗe da ake ja wa fitilar shago, domin rigarta ɗaya ce, da ta goge a bakin ƙarfe sai kwanon ya ɗauki wuta. Holda iri biyu ce a kasuwanninmu: akwai mai murɗi da ake kira E27, akwai kuma mai fil biyu da ake dannawa a juya, wato B22. Kowacce za ta yi, sai dai a duba irin ƙwan da ya fi samuwa a unguwa kafin a yanke shawara.

Huda gindin kwanon shi ne wurin da aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka a ba shi lokacinsa. Da farko sai a nemo tsakiya, domin idan hudar ta kauce ko da rabin santimita ne, fitilar za ta rataya a karkace, kuma duk wanda ya shigo zai gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora gindin kwanon a kan takarda, a zagaye shi da fensir, a yanke da'irar, a ninke ta biyu, a sake ninkewa. Idan aka buɗe, inda layukan ninkin suka haɗu nan ne tsakiya. Sai a kife kwanon, a manna salatif na takarda a gindinsa ciki da waje, a ɗora da'irar a kai, a ɗiga alama ta tsakiyarta. Salatif ɗin yana hana bakin injin huda zamewa, yana kuma rage ɓantarewar gilashin.

A sami guntun katako mai tsawon da ya ɗan fi zurfin kwanon, a tsayar da shi, a kifa kwanon a kansa yadda gindin zai zauna daram a kan katakon. Idan babu wannan madogara, ƙarfen zai lotsa lokacin da aka danna, gilashin da ke jikinsa kuma ba ya lanƙwasa, sai ya tsage ya fita falle-falle. Dalilin da ya sa ake hudawa daga waje shi ne gefen da bakin injin yake fita ta nan ya fi ɓantarewa, kuma idan hakan ya faru a ciki, holda za ta rufe wurin. Kada a buga ƙusa don a fara rami kamar yadda ake yi wa kwanon rufi, kada kuma a kunna injin a yanayin bugu da ake huda kankare da shi. A fara da bakin huda tayil, a hankali, ba tare da dannawa da ƙarfi ba, wani yana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan a wurin. Za a ji ƙarar ta canza daga ƙaiƙayi mai kaifi zuwa wata mai taushi, farin garin da ke fita ya koma baƙi-baƙi, to an wuce gilashi an isa ƙarfe. Daga nan sai a sauya zuwa bakin huda ƙarfe na milimita 4, a ratsa, sannan a faɗaɗa da na 6, da na 8, har zuwa na 10. Tsallake matakan nan yana sa bakin ya cafki ƙarfen ya fizge kwanon daga hannu.

A sa tabarau na kariya, domin abin da ke tashi gilashi ne. Ruwan da ake ɗigawa, bayan sanyaya bakin injin, yana hana ƙura tashi, kuma hakan yana da amfani saboda launukan wasu tsofaffin kwanoni, musamman ja da rawaya, suna iya ƙunsar dalma ko makamancinta. A yi aikin a tsakar gida nesa da abinci da yara, a kuma share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ba shi da injin huda yana iya kai wa mai walda ko kafinta, amma ya tsaya a wurin ya yi bayani, domin wanda ya saba da ƙarfen ƙofa zai iya danna injin da ƙarfi ko ya ce zai huda da wutar walda, kuma wannan zai ƙone gilashin ya bar baƙin tabo mai faɗi. Bayan an gama, a goge bakin ramin da zagayayyen magagari har ya daina kama yatsa, sannan a shafa masa ɗan fenti ko man farce don kada tururi ya sa shi tsatsa.

Wajen haɗawa, tsarin zura kayan a jikin wayar yana da muhimmanci, domin idan aka manta da abu ɗaya sai an kwance komai. A fara zura hular matsewar, sai jikinta, sai washa ɗaya, sai wayar ta ratsa kwanon daga waje, sai washa na biyu, sai kan holda. A feƙe babbar rigar wayar kamar santimita 3, a feƙe kowane sili kamar milimita 7, a murɗe siraran tagullar su haɗu, a zura su cikin ramukan holdar, a ɗaure sukurorin sosai. A duba da kyau kada ko gashin tagulla ɗaya ya tsaya a waje. A sababbin wayoyi, mai launin ƙasa-ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce ta dawowa, mai kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa, wato wadda ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan ta taɓa ƙarfe, a tsofaffin gidaje kuwa za a tarar da ja da baƙa da kore a wannan jerin. Idan holdar mai murɗi ce, wajibi ne waya mai wuta ta tafi ga ɗan ƙarfen da ke can tsakiya, ta dawowa kuma ta tafi ga na gefe, don kada mai canza ƙwai ya taɓa zaren ƙwan wuta ta ja shi. A holda mai fil biyu kowane gefe daidai ne.

Sai a murɗa matsewar cikin kan holdar, kwanon yana tsakaninsu, a ɗaure da hannu har ya daina motsi, ba tare da an sa filaya an matse har gilashin ya yi ƙara ba. Daga nan a ɗaure hular matsewar a kan babbar rigar wayar. A tabbatar babbar rigar ce ta ratsa ramin har ta shiga cikin holda, domin ita da robar matsewar su ne shingen da ke tsakanin wuta da ƙarfen kwanon. A riƙe kwanon a ja wayar da ɗan ƙarfi, idan ta zame ko kaɗan, ba ta ɗauru ba.

Batun wayar ƙasa yana buƙatar a faɗe shi ƙarara, domin rumfar ƙarfe ce, ɗakin girki kuma wuri ne na jiƙaƙƙen hannu da jiƙaƙƙen daɓe, wutar gidajenmu kuma tana tsakanin bolt 220 da 230, wadda ta isa ta kashe mutum. Idan an ja wa gidan wayar ƙasa har zuwa silin, a sayi waya mai sili uku, a yi wata ƙaramar huda kusa da ta farko, a kankare gilashin da ke gefenta har ƙarfe ya bayyana, a ɗaure silin ƙasa a nan da ƙaramin noti. Gidaje da yawa ba a ja wannan waya zuwa fitilu ba, kuma a irin wannan gida kada a yi amfani da holdar ƙarfe ko ta tagulla komai kyanta, a tsaya ga roba daga sama har ƙasa. Ko ta wace hanya aka bi, kafin a rataya a sa mai gyaran wuta ya auna da mitarsa ya tabbatar babu haɗi tsakanin kwanon da silin wuta ko na dawowa. Awon ba ya cin minti biyu.

Wurin ratayawa shi ne saman teburin da ake yanka da tsinta, ko saman wurin wanke-wanke, a bar tazarar santimita 75 zuwa 90 tsakanin bakin kwanon da saman teburin. Ƙasa da haka kai zai riƙa buge shi, sama da haka kuma hasken zai watse, ƙwan ya shiga ido. Kada a rataya shi daidai saman murhu ko risho ko gas, domin zafi da tururin mai suna busar da rigar waya har ta tsage, kuma suna gajarta ran ƙwan. A madafar da ake hura itace ko gawayi, a kai shi gefen da hayaƙi ba ya bi. Ƙugiyar da za ta ɗauki nauyin sai ta shiga katakon da ke bayan silin ko cikin kankare, domin allon silin kaɗai, na roba ne ko na filasta, ba zai riƙe ba. Tsofaffin gidaje da yawa allon asbestos ne a silinsu, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu, don haka kada a huda shi; a yi amfani da ramin da tsohuwar fitila ta bari, ko a kafa maratayi a bango. Waya mai kaurin 0.75 tana iya ɗaukar nauyin da bai wuce kilo 3 ba, langa kuma ba ta kusanci haka, amma idan babbar fanteka ce a ƙara mata siririyar sarƙa ta ɗauki nauyin.

Haɗa fitilar da wayar gida shi ne matakin da na fi so a bar wa mai gyaran wuta, sai fa ga wanda ya san aikin. Akwai haɗarin da ya keɓanta da yanayinmu, wato mutum ya ga an ɗauke wuta sai ya hau tsani ya kama waya da hannu, ya manta cewa ana iya dawo da ita a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba, ko wani ya tayar da janareta a bayan gida, ko kuma inbata tana ba layin wuta shiru. A kashe babban makunnin gida, a kashe inbata, a sanar da mutanen gida, sannan a gwada wayoyin da tasta kafin a taɓa su. Makunnin bango kuma ya kasance yana yanke waya mai wuta ne, domin idan ta dawowa yake yankewa, fitilar za ta mutu amma holdar tana nan da wuta a cikinta. Duk haɗin waya a yi shi cikin akwatin haɗi da sukurori, kada a murɗe a naɗe da salatif a tura cikin silin.

Ƙwan da za a sa ya zama LED, domin ba ya zafi kamar tsohon ƙwai mai zare. Mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, kuma da yake langa tana tattara hasken zuwa ƙasa, wannan ya wadatar da teburi ɗaya. A duba lambar launin haske a jikin kwalin. Mai 6500K, wanda ya fi yawa a shaguna, fari ne mai ratsin shuɗi, yana sa miya da nama su yi fari-fari. Mai 2700K zuwa 3000K ja-ja ne, yana da daɗin zama amma yana ɓoye tsakuwa a cikin shinkafa. Na fi son mai 4000K a wannan wuri, domin da shi ake ganin launin manja da na ganye yadda suke, ana kuma gane ko nama ya nuna.

Ga gidan da ke da sola mai batir, ana iya yin wannan fitila gaba ɗaya da bolt 12, kuma hakan ya kawar da haɗarin jan wuta. Ana sayar da ƙwan LED na bolt 12 mai shiga holda mai murɗi. A sa fis kusa da batir, domin batir yana iya ƙona waya idan silinta suka haɗu, a yi amfani da waya mai kaurin 1.5 idan nisan yana da yawa don kada hasken ya dushe, a kai silin da ke da alamar tarawa ga ƙarfen tsakiyar holda. A kuma rubuta 12 a cikin kwanon kusa da holda, domin ƙwan bolt 12 da na wutar gida kamarsu ɗaya, kuma idan aka ɗaura na bolt 12 a wutar gida nan take zai ƙone.

Wasu tsofaffin kayan ma suna karɓar wannan aiki. Gwagwar alminiyum ta fi langa sauƙin hudawa, ramukanta kuma suna watsa ɗigon haske a bango da silin, sai dai hasken da take saukarwa kan teburi bai kai na langa ba. Murfin samira yana rufe wurin da waya ta fito daga silin, idan aka huda shi da irin wannan kulawar. Tsohuwar fitilar ƙwai ana iya cire mata lagwani a wanke tankinta har warin kananzir ya fita, a sa mata ƙaramin ƙwan bolt 12. Ƙwarya da faifai kuwa suna da kyau a falo ko zaure, amma ban ga dacewarsu a ɗakin girki ba, domin suna shan maiƙo, ba sa wankuwa, kuma suna kama wuta.

Bayan an rataya, kulawar da ta rage kaɗan ce. Sau ɗaya a wata a kashe makunni, a bari ƙwan ya huce, a cire shi, a goge cikin kwanon da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a bushe shi kafin a mayar da ƙwan, domin maiƙon da ke taruwa a farin cikin yana rage hasken sannu a hankali ba tare da an lura ba, a lokacin hunturu kuma ƙura tana manne masa. A wannan lokacin ne za a duba wayar daidai inda ta shiga matsewar. Idan rigarta ta taurare ko ta tsage ko ta canza launi, ko kuma aka ga kwanon yana juyawa da kansa a kan holda, a kashe wuta daga babban makunni, a sauke fitilar, a yanke wurin da ya lalace ko a canza wayar gaba ɗaya kafin a sake kunnawa.